Sawu Biyu a Takardar Siminti

Akwai wani saurayi a Samaru mai suna Othniel, wanda duk unguwa ta san shi da abu biyu: gudu da ɗaga kai. Gudun gaskiya ne, ba wanda ya taɓa musawa. Ɗaga kan kuwa, sai daga baya aka gane abin da ke kwance a ƙarƙashinsa.

A shekarar 2006 yana aiki a wani shagon fotokofi daura da ƙofar jami'a. Wuni yake yi yana juya takardun ɗalibai a kan inji, amma zuciyarsa ba ta wurin. Kaki yake so. Tun yana firamare, in ya ga motar sojoji ta nufi barikin Basawa, sai ya tsaya ya ƙame har ta ɓace.

Sau biyu yana cike fom, sau biyu yana ƙirƙiro uzuri ya ƙi zuwa tantancewa. Bana kuwa uzuri ya ƙare, domin shekarunsa sun kai iyakar da ake ɗauka. In bai shiga wannan karon ba, shi da kaki sai dai kallo.

Kullum da sassafe yakan yi gudu daga Samaru ya miƙe hanyar Shika ya dawo, cikin wani tsohon kambas da ya yage a gefen ƙaramin yatsa. Abokan gudunsa sai dai su hango ƙeyarsa. Kowa cewa yake yi wannan kam ya gama shiga.

Abin da ba su sani ba shi ne, Othniel yana da wani tsoro da ya fi ƙarfinsa.

Mahaifinsa, Malam Gregory, tsohon malamin firamare ne. Shi ma a zamaninsa ya nemi aikin soja. Ya ci gudu, ya ci rubutu, aka zo duba jiki aka ce tafin ƙafarsa a shimfiɗe yake, babu ɗan kwarmin nan na tsakiya. Nan aka sallame shi. Malam Gregory yakan ba da wannan labarin yana dariya, amma Othniel bai taɓa taya shi dariyar ba.

Dalili kuwa, wata rana yana ɗan shekara tara, gwaggonsa ta kalli ƙafafunsa ta ce, "Kai, ƙafar ubansa sak!" Ita ta faɗa ta wuce abinta, ta manta. Shi kuma ya ɗauki maganar ya ajiye a ƙirji shekara goma sha uku.

Tun daga ranar ba a sake ganin Othniel babu takalmi ba. Ko wanka zai shiga, da silifas. In ya saci kallon ƙafarsa sai ya gan ta faffaɗa, sai ya yi sauri ya kawar da kai. Mutum ɗaya tak ya taɓa gaya wa, abokin aikinsa Felix.

Shi kuwa Felix irin mutanen nan ne da ba a taɓa yi musu tambaya suka ce ba su sani ba.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Felix. "Ka sayi takalmi matsattse, ƙasa da lambarka, mai siririn baki. Ka riƙa sa shi kullum. Zai tattare ƙafar, tsakiyarta ta ɗaga. Amma fa kada ka cire shi ran tantancewa sai a gaban likita. In ka cire da wuri, ƙafar za ta koma yadda take."

"Ka tabbata?"

"Wani ɗan unguwarmu haka ya yi. Yanzu haka yana Fatakwal, soja ne mai igiya biyu."

Ba wanda ya taɓa ganin wannan ɗan unguwar. Amma Othniel bai nemi ganinsa ba, domin maganar ta zo masa daidai inda yake jin ciwo.

Saura kwana goma a yi tantancewa, ya hau bas da la'asar ya nufi kasuwar Sabon Gari. Ya shiga layin 'yan gwanjo, ya tambayi inda ake samun takalmin gudu mai kyau. Mutum uku ya tambaya, duka ukun suka nuna masa rumfar Madam Nonye.

Madam Nonye 'yar ƙabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta ba ka ce ba Bahaushiya ba ce. Tana da wata ƙa'ida da ke ba baƙi haushi. Ba ta sayar da takalmin gudu da safe, wai ƙafa sai da yamma take kumbura ta nuna ainihin girmanta. Kuma a ƙofar rumfarta akwai daron ruwa da tarin takardun buhun siminti. Duk mai son takalmi sai ya tsoma ƙafa a ruwa, ya taka takarda, ta duba sawunsa, sannan ta zaɓa masa.

Da Othniel ya iso, ya tarar da samari huɗu a kan benci, duk masu neman aikin da yake nema. Wani siriri mai suna Seyi, mai facin taya a Dogarawa, shi ne a tsaye cikin daron, ya naɗe wando har gwiwa.

Seyi ya taka takarda. Madam Nonye ta ɗaga ta sama, ta ce da ƙarfi kowa na ji, "Ka gani? Kwarminka mai zurfi ne. Kai mai taushin ƙasa kake bukata, in ba haka ba diddigenka zai sha wuya."

Ta shiga ciki ta fito masa da wani takalmi mai ruwan toka, mummuna, igiyar ƙafar dama ma ba kalarta ɗaya da ta hagu ba. Ya sa, ta danna babban yatsanta a bakin takalmin ta ga akwai ɗan fili, ta ce ya je ƙarshen layi da gudu ya dawo. Samarin benci suna ta yi masa dariya, shi ma yana yi.

Othniel kuwa bai yi dariya ba. Ashe matar nan da ƙarfi take faɗin abin da ta gani. In ya taka takardar nan, gobe duk masu neman aikin sun san sirrinsa.

Ya yi maza ya ciro wani ja da fari daga rataye, siriri, mai sheƙi kamar ba a taɓa sawa ba.

"Madam, wannan nake so."

Ta kalli takalmin, ta kalli tsohon kambas ɗin da ke ƙafarsa, idonta ya ɗan tsaya a wurin da ya yage.

"Lamba nawa kake sawa, ɗana?"

"Wannan ɗin dai."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Oya, cire safa ka taka ruwa."

"Takalmi na zo saya, ba asibiti na zo ba."

Madam Nonye ta ce, "Minti ɗaya ne. Kowa a nan ya taka."

Da ya yi shiru ya fita, da an wuce wurin. Amma tsoro ya hau masa kai, ya fito ta baki a matsayin rashin kunya. "Ke likita ce? Kayan da Turawa suka gama sawa suka yar kike sayarwa, shi ne za ki tsayar da ni a daro kamar agwagwa? Kin san ko ni wane ne a gudu? Duk waɗannan da ke zaune, ko da ƙafa ɗaya sai na wuce su."

Matar nan ba ta ɗaga murya ba. Ta karɓi takalmin daga hannunsa ta mayar kan ƙusa.

"Ni ba likita ba ce. Shekara ashirin dai nake kallon ƙafafun mutane. Wannan ba naka ba ne, kuma ba da hannuna zan ba ka shi ba."

Ya yi tsaki, ya tsallaka rumfar gaba, inda ba a tambayar kowa komai. Ya sayi irinsa, ƙasa da lambarsa. Da zai wuce har da ɗaga ledar sama don ta gani.

Ranar farko da ya yi gudu da shi, yatsunsa suka yi zafi. Rana ta uku bororo ya fito a gefen ƙafafun biyu. Ya nuna wa Felix, Felix ya tafa ya ce, "Alamar yana aiki ke nan. Daure!"

Ya daure. Yana tsaye gaban inji da shi, yana zuwa coci da shi. Malam Gregory ya lura da tafiyar ɗansa ta canza, ya ce, "Othniel, kamar ɗingishi kake yi."

"Ba komai, Baba. Sabon takalmi ne."

"To ka koma wa tsohon mana, har a gama."

"Na ce ba komai!"

Tsohon ya kalle shi. Bai saba jin wannan muryar daga bakin ɗansa ba.

Saura kwana uku, suka yi kiciɓis da Seyi a wajen gadar Kwangila, kowa na gudun safe. Seyi ya bi shi yana haki ya ce, "Bros, Madam ta ce in na gan ka in gaya maka ta ajiye maka wani. Ta ce ka zo ko bayan mutane sun watse ne, ba sai a gaban kowa ba."

Maganar ta taɓa shi, har ya ɗan rage gudu. Sai kuma ya tuna abin da takardar za ta iya nunawa. Ya ce, "Ka ce mata ta sa abinta," ya ƙara wuta ya bar shi nan.

Ranar tantancewa, a wani fili da ke hanyar Basawa, samari sun fi ɗari uku. Wani sajan mai usur a wuya ya hau kan tebur ya ɗaga damin katuna.

"Za ku bi wannan burjin har inda aka kafa tuta, ku zagayo. Kati sittin ne a hannuna. Wanda ya samu kati ya wuce wajen duba jiki. Wanda bai samu ba, Allah ya kai shi gida lafiya."

Othniel ya sunkuya ya ƙara tamke igiyar takalminsa, ya yi ƙulli biyu. Ƙafafun suna bugawa a ciki kamar ciwon haƙori. Ya yi addu'a a gajarce.

Aka busa usur.

Da farko abin ya zo yadda kowa ya zata. Ya tsaga taron ya fita gaba, mutum uku kawai ke tare da shi. Iska na dukan fuskarsa, ya ji a ransa cewa yau ƙarshen wahala ya zo.

Kafin su kai rabin hanyar tuta, rana ta ɗaga, ƙafa ta ɗauki zafi ta fara kumbura, takalmi kuwa babu inda zai ba ta. Bororon dama ya fashe. Ya ji ɗumi yana bin safarsa. Ya cije, ya fara taka gefen ƙafa.

Mutum biyar suka wuce shi. Sai goma.

A wurin tuta, da ya juya da ƙarfi, farcen babban yatsansa na hagu ya daki bakin takalmin. Wani zafi ya tsarga masa har ƙwaƙwalwa, ya saki ƙara bai sani ba. Farcen ya ɗaga.

Yanzu ƙirga masu wuce shi yake yi. Ashirin da biyu. Talatin. Kowane taku sai ya ji kamar a kan garwashi yake sauka.

Sai ga mummunan takalmin nan mai ruwan toka a gefensa. Seyi ne, yana tafiya a natse, numfashinsa daidai. Ya kalli jinin da ya ɓata farin takalmin Othniel, ya rage gudu.

"Bros, cire shi! Cire ka yi da ƙafa, za ka kai!"

Othniel ya san gaskiya ce. In ya cire a nan, ko da ciwon zai iya riƙe matsayinsa. Amma muryar Felix tana kunnensa: in ka cire da wuri, ƙafar za ta koma. Me amfanin kati in likita zai kalli tafin ƙafarsa ya sallame shi kamar yadda aka sallami Baba?

"Wuce abinka!" ya ce.

"Abeg, cire!"

"Na ce ka wuce!"

Seyi ya wuce, yana waiwaye.

Arba'in da ɗaya. Arba'in da takwas. Ya fara hango tebur da sajan daga nesa, amma ƙafar hagu ta ƙi taka ƙasa. Ya yi tuntuɓe ya dafa burji da hannu. A nan ne ya gane cewa da takalmin nan ba zai kai ba ko da rarrafe.

Ya zauna a tsakiyar hanya ya kama igiya. Ƙulli biyun da ya yi da hannunsa sun jiƙe da gumi sun kafe. Mutane na wuce shi ta dama da hagu. Ya sa haƙori. Na ƙafar dama ya kwance. Takalmin hagun kuwa ya fizge shi da ƙarfi, ya fita da safar da abin da ya rage na farcen.

Ya miƙe ba takalmi, karo na farko a gaban mutane cikin shekara goma sha uku, ya zuba da gudu a kan tsakuwa.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ya wuce mutum ɗaya, ya wuce uku, ya wuce bakwai, yana barin jini a hanya. Katunan hannun sajan sun zama 'yan kaɗan. Uku. Biyu. Wani dogo mai koriyar singileti yana gabansa da taku huɗu. Ya rage su zuwa biyu. Ya miƙa hannu.

Sajan ya danƙa wa mai koriyar singileti katin ƙarshe, ya buɗe tafin hannunsa ya nuna wa Othniel babu komai.

"Ka yi ƙoƙari, samari. Koma gefe."

Ya zauna a gindin wata bishiyar mangwaro yana kallon mutum sittin suna shiga layi, Seyi a cikinsu. Bai yi kuka a wurin ba. Sai da ɗan acaɓa ya sauke shi a ƙofar gida, ya ga mahaifinsa a tsaye yana jiransa tun safe, sannan abin ya ƙwace masa.

Malam Gregory bai tambaye shi komai ba. Ya kawo ruwan ɗumi da gishiri, ya durƙusa da kansa ya wanke masa ƙafafun. Sai da ya gama ɗaurewa ya ɗauki takalmi ɗayan da Othniel ya dawo da shi a hannu, ya juya ya ga lambar.

"Me ya sa ka sayi wanda bai kai ƙafarka ba?"

Othniel ya faɗa masa duka. Maganar gwaggo, silifas a banɗaki, uzurin shekara biyu, shawarar Felix, daron Madam Nonye da abin da ya gaya mata. Tsohon ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Shekara goma sha uku muna gida ɗaya," ya ce, "ba ka taɓa tambayata ba."

Bayan mako guda, da ciwon ya ɗan kame, Malam Gregory ya goya shi a tsohon babur ɗinsa suka nufi Sabon Gari da la'asar. Othniel ya tsaya a ƙofar rumfar, kansa a ƙasa.

"Mama, ki yafe mini. Na yi miki rashin kunya."

Madam Nonye ta kalli ƙafafunsa da ke naɗe da bandeji, ta girgiza kai. "Seyi ya gaya mini. Komai ya wuce, ɗana. Zauna."

Malam Gregory ya ce, "Madam, alfarma muke nema. A ba mu takarda babba."

Ta shimfiɗa. Tsohon ya cire takalminsa, ya naɗe wando, ya tsoma ƙafar dama a daro ya taka. Sawunsa ya fito cikakke, daga yatsu har diddige, babu inda ruwa bai taɓa ba.

"Ka ga tawa," ya ce. "Saura kai."

Othniel ya kwance bandejin dama. Ya tsoma ƙafar, ya taka kusa da sawun mahaifinsa, ya rufe ido, ya ɗaga.

Ya buɗe ido.

Sawunsa ya fi na tsohon faɗi a wajen yatsu. Amma a tsakiya, ta ciki, ga wuri nan busasshe, a lanƙwashe, takarda fes ko ɗigon ruwa babu.

Madam Nonye ta sa yatsa a wurin ta ce a hankali, "Ga kwarminka nan, lafiya lau. Faɗi ne kawai da ƙafarka, tun daga yagewar tsohon kambas ɗinka na gani. Ba abin da kake bukata sai takalmi mai faɗin baki." Ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta ciro wani baƙi, mai faɗi, an ɗaure igiyoyinsa wuri ɗaya. "Wannan na ajiye maka."

Othniel ya kalli takalmin, ya kalli sawu biyun da suka fara bushewa.

"Baba, ba irin taka ba ce."

"Ba irin tawa ba ce," in ji Malam Gregory. "Da tuni ka shiga soja."

Ya sa baƙin takalmin, ya zauna masa kamar don shi aka ɗinka. Ranar Litinin da shi ya koma shagon fotokofi.

Darasi: Takalmi ƙafa ake zaɓa wa, ba ido ba, kuma ba a matse ƙafa don ta dace da takalmi. Haka sauran al'amuran rayuwa. Abin da kake tsoro, tsaya a auna shi tun da sauran lokaci, wataƙila ma babu shi. Kada ka rufe tsoronka da girman kai, kuma kada ka raina wanda ya san aikinsa don ka gan shi a rumfar kasuwa. Iyaye da 'yan uwa, ku kula da abin da kuke faɗa a gaban yara. Ku tura wa wani wannan labarin, mai yiwuwa akwai tambayar da ya daɗe yana tsoron yi.